Yaro ɗan shekara 17 ya buge mutum da moto, an samu tramol a aljihunsa: me ke jiran sa a gaban alƙali?

Wani Alhaji daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ya aiko da tambaya. Ya saya wa ɗan ƙanwarsa mai shekara 17 moto yana kabu-kabu, yana kawo masa wani abu kowace yamma. Wata Juma'a bayan la'asar yaron ya buge wata mai tallar fura a hanyar babbar kasuwa, ta karye a ƙafa, kuma da ƴan sanda suka laluba aljihunsa sai suka samu ƙwayoyin tramol shida, ga shi ba shi da permi. Alhaji yana so ya san ko za a saki yaron da zarar an biya kuɗin magani, tunda bai kai shekara 18 ba, domin wani ɗan'uwansa ya ce masa a ƙasashen Turawa iyakar abin da ake yi wa yaro shi ne a hana shi tuƙi na ɗan lokaci.

Alhaji, Allah ya ba wannan baiwar Allah lafiya, ya kiyaye na gaba. Ƙuruciyar yaron za ta rage masa nauyin hukunci, amma ba za ta shafe laifin ba, kuma yawancin nauyin da doka ta sauke daga kansa, musamman na dukiya, kan manya yake komawa, wato mahaifinsa da kai da ka damƙa masa makulli. Abin da kake gani tamkar magana ɗaya, a wajen shari'a magana huɗu ce: raunin da aka ji wa mutum bisa sakaci, ƙwayar da aka samu, tuƙi ba tare da permi ba, sai kuma diyyar wadda ta karye. Kowace da ƙofar da take shiga da wadda take fita.

Mu fara da shekaru, domin su ne ginshiƙin komai. Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda aka kafa a 1961 aka kuma yi masa gyare-gyare daga baya, ya raba yara gida biyu. Wanda bai kai shekara 13 ba, ba a ɗora masa alhakin laifi ko kaɗan, sai dai a ɗauki matakin kare shi da gyara tarbiyyarsa. Wanda yake tsakanin 13 da 18 kuwa, alƙali zai fara tambayar kansa ko yaron ya san abin da yake yi a lokacin da ya aikata. Idan ya gamsu bai sani ba, sai ya wanke shi daga hukunci ya sa a kula da shi, idan kuma ya gamsu ya sani, sai ya hukunta shi, amma a irin waɗannan matsakaitan laifuka rabin abin da za a yanke wa baligi kawai ake yanke masa. Ba zan ɓoye maka ba, yaron da ya kai shekara 17, yake yini a kan titi yana ciniki da fasinja yana ba da canji, da wuya wani alƙali ya yarda cewa bai san ƙwaya haramtacciya ba ce, ko bai san tuƙi na buƙatar permi ba. Saboda haka ku sa ranku a kan sassauci, kada ku sa shi a kan wankewa.

Shekarun da ake lissafawa su ne na ranar da abin ya faru, ko da yaron ya cika 18 kafin a zauna shari'a. A nan takardar haihuwa ke zama abu mafi daraja a cikin gida. Na taɓa tsayawa a farfajiyar kotu da wani dattijo da ya zo daga wani ƙauye na wajen Madarunfa, ya kwance wata leda baƙa ya fito da takardu biyu na ɗansa, ɗaya ta gidan haihuwa, ɗaya kuma wadda aka yi daga baya lokacin da za a sa shi lakwal, aka rage masa shekara biyu don a karɓe shi. Ya miƙo mini su yana tambaya wace ce ta fi amfani. Na ce masa ta gaskiyar, domin ranar da alƙali ya gano an kawo masa takardar da aka gyara, maganar ta tashi daga kan ɗan ta koma kan uban, kuma duk abin da iyalin za su faɗa bayan nan ba zai sake shiga kunne ba. Idan yaronku ba shi da takarda sam, akwai hukuncin kotu da ke tsayawa a madadin takardar haihuwa, a nemi shi ta hanyarsa da shaidu na gaskiya.

Game da yadda al'amarin zai tafi, tsarewar da ake yi a komisariya ko a wajen jandarma tana da iyaka. A ƙa'ida awa 48 ce, ana iya ƙarawa da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati, kuma maganar ƙwaya na daga cikin waɗanda ake iya tsawaita bincike a kansu. Daga can sai a kai yaron gaban mai shigar da ƙara, shi kuma ya miƙa shi ga alƙalin yara. Tun 1999 Nijar ta keɓe wa yara kotunsu, aka kuma sake tsara su da wata doka a 2014. Alƙalin yara ba ya tsayawa kan laifin kaɗai, yana sa a binciko gidan da yaron ya fito, da wanda ke riƙe da shi, da ko yana karatu ko koyon sana'a, kuma ba a buɗe zaman shari'ar ga jama'a kamar na manya. Yana da ikon ya mayar da yaro hannun iyayensa bisa sharaɗi, ko ya sa shi ƙarƙashin kulawar ma'aikatan jin daɗin jama'a, ko ya yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ko ya tura shi gidan kaso idan ya ga babu makawa. Yaro yana da haƙƙin lauya, kuma wanda ba shi da hali akwai hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar 2011 domin taimaka wa marasa ƙarfi a gaban shari'a, yara na cikin waɗanda ta fi bai wa muhimmanci.

Akwai wani ƙaramin abu da nake roƙon kowane uba ya kula da shi, domin na ga ya karya shari'o'i da yawa tun kafin a fara su. Bayanin da yaro ya yi a komisariya da Hausa yake yin sa, amma da Faransanci ake rubuta shi, sannan a miƙo masa ya sa hannu ko ya dangwala. Yaron da ya kwana a tsare, tsoro ya cika shi, zai dangwala a kan duk abin da aka ajiye gabansa. Kalmar da ya faɗa cewa “wani ne ya ba ni in riƙe masa” tana iya fitowa a takarda da ma'anar cewa yana kai wa mutane ƙwaya, alhali tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun tazarar shekaru ce a gidan kaso. A nemi a karanta masa abin da aka rubuta, a fassara masa shi da Hausa, kafin ya sa hannu.

Wannan ya kawo mu ga maganar ƙwayar, wadda a ganina ita ce mafi haɗari a cikin huɗun. Dokar da ke aiki a kanta ita ce ta 23 ga Satumba 1999 mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma hukumar OCRTIS ce ke bin sawun masu fataucinsu. Dokar ta bambanta mai sha da mai sayarwa ko mai safara, hukuncin na biyun kuma ya ninka na farkon nesa ba kusa ba. Abin da ake dubawa a gane wane ne wane shi ne yawan ƙwayar, da yadda aka ƙulla ta, ko a warwatse take a aljihu ko an kasa ta ƙulli-ƙulli, da irin kuɗin da aka samu tare da ita, da saƙonnin da ke cikin waya. Ƙwaya shida a aljihun ɗan kabu-kabu ta fi kama da ta mai sha. Amma ka lura cewa sana'ar kabu-kabu kanta tana jefa yara cikin wani tarko, domin kullum ana ba su saƙo a leda su kai wata unguwa a ba su dala arba'in ko hamsin, ba tare da sun buɗe ba, kuma ranar da aka tare su da ledar, sunan laifin safara ne, sai dai su yi ta faman nuna cewa ba su san abin da ke ciki ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan fataucin ƙwayoyi, wadda Nijar ke cikinta, ta ɗauki amfani da yara a wannan harka a matsayin abin da ke tsananta laifin babba, ta kuma yarda a yi wa mai sha magani da gyaran hali a maimakon hukunci ko tare da shi. Wannan ita ce ƙofar da lauyanku zai fi ƙwanƙwasawa.

Sannan samun ƙwaya a aljihu hujja ce ta mallaka, ba ita ce hujjar cewa yaron yana cikin maye lokacin da ya buge matar ba. Wannan sai an tabbatar da shi, ta gwajin likita, ko ta shaidar waɗanda suka ga halin da yake ciki, ko ta bakinsa shi kansa. Idan aka tabbatar, kada wani ya yi tunanin maye zai zama uzuri, domin wanda ya sha da ganganci ya hau moto, alƙali na kallon shan a matsayin ƙarin sakaci. Kuma gaskiyar likitanci tana bayan alƙalin. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi daga dangin da ke sa jaraba, likita kan ba da miligiram 50 ko 100 a lokaci guda, ba ya wuce 400 a yini, alhali wanda ake sayarwa a ɓoye ƙwaya ɗaya kan kai 225. Samari na shan sa don kada su ji gajiya ko zafin rana, amma yana jinkirta hankali, yana kawo jiri da gyangyaɗi, idan ya yi yawa kuma yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya ba tare da gargaɗi ba. Wanda ya haɗa shi da diyazefam, wato wata ƙwayar sa barci, ko giya, numfashinsa ma yana iya tsayawa.

Giya ba ta cikin tambayarka, amma tunda hukuncinta maƙwabcin wannan ne, bari in taɓa ta a gurguje. Addini ya haramta ta, dokar ƙasa kuwa ba ta hana baligi sha ba, sai dai ta hana a bayyana da maye a bainar jama'a, ta hana tuƙi cikin maye, ta kuma hukunta mai mashayar da ya zuba wa wanda bai kai shekara 18 ba. Masu cewa goro ko kofi mai ɗaci ko wanka da ruwan sanyi na kore maye kafin a hau moto, yaudarar kansu suke yi, domin hanta ce ke tace giya daga jini, a hankali take yi, kuma babu abin da ke sa ta sauri.

Abin da ɗan'uwanka ya faɗa game da ƙasashen Turawa, rabin labari ne. A Amurka, tun dokar 1984 ba a sayar wa wanda bai kai shekara 21 giya ba, kuma direban da bai kai wannan shekara ba ana kama shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kashi 0.02 cikin ɗari a jini ko ƙasa da haka, alhali a kusan duk jihohin iyakar manya 0.08 ce. A Faransa iyakar giya ga kowane direba giram 0.5 ce a litar jini, amma tun 2015 aka mayar da ta sabon direba 0.2, kuma tun 2003 duk direban da aka samu alamar ƙwaya a jikinsa ya yi laifi ko da bai nuna maye ba. Hana tuƙin da aka ba ka labari, hukuncin wanda aka tare ne bai taɓa kowa ba. Da zarar an ji wa mutum rauni, can ma kotu ake zuwa.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ka kai tsaye, Alhaji, kuma ka yi mini haƙuri in faɗe ta yadda take. Kundin dokokin zaman jama'a da muka gada daga Faransa, a aya ta 1384, ya ɗora wa uba alhakin ɓarnar da ɗansa ƙarami da ke zaune tare da shi ya yi, ya ɗora wa maigida alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a cikin aikin da ya sa shi, ya kuma ɗora wa mutum alhakin abin da ke ƙarƙashin kulawarsa. Moton naka ne, kai ka ba shi, kuma kana karɓar kuɗi daga abin da yake samu, don haka da wuya ka fita daga cikin waɗanda za a nema da diyya. Rabin hukuncin da ake yi wa yaro bai shafi diyya ba, domin ƙafar matar ba rabi ta karye ba: kuɗin asibiti, da kwanakin da ta yi ba ta fita talla ba, da naƙasar da za ta iya saura, duka za a lissafa su cif. Mutane da yawa kuma ba su san cewa shekara 18 balagar hukunci ce kawai, balagar da wannan kundi ya sani ita ce 21, ta yadda saurayi ɗan shekara 19 yana iya shan hukuncin manya cikakke, mahaifinsa kuma a neme shi da biyan ɓarnar.

Idan moton yana da asiransi, akwai sauƙi, amma ba irin wanda kake zato ba. Nijar tana bin dokar asiransi ta bai ɗaya da ake kira CIMA, wadda ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa suka rattaba wa hannu a Yawunde a 1992, kuma ta wajabta asiransi a kan duk abin hawa mai inji, har da moto. Kamfani na iya rubuta a kwangila cewa ba ya ɗaukar nauyin direban da bai kai shekarun tuƙi ba ko ba shi da permi, sai dai wannan sharaɗi ba ya aiki a kan wanda aka buge. Kamfanin zai biya matar, sannan ya juyo ya nemi kuɗinsa daga wanda ke da alhaki. Ka sanar da su haɗarin da wuri, domin wa'adin sanarwa kwanaki ne ƙalilan, kuma kada ka rubuta wa dangin matar wata takardar amincewa da laifi ko alkawarin wani adadi ba da saninsu ba, domin suna iya cewa wannan bai hau kansu ba. Idan kuma moton ba shi da asiransi, kamar yadda da yawa daga cikin masu yawo a garin nan suke, to rashin nasa laifi ne na daban a kanka, kuma diyyar gaba ɗaya daga aljihu za ta fito.

Sulhu abu ne mai kyau, kuma ina ba ku shawarar ku je gaida matar tun yau, ku tafi da dattijan unguwa, ku ɗauki nauyin maganinta ba tare da an roƙe ku ba, ku ajiye kowane rasit. Amma ku fahimci iyakarsa. Idan ta ce ta yafe, haƙƙinta ta yafe, ƙarar gwamnati kuwa ba tata ba ce balle ta janye, musamman maganar ƙwaya da ta permi waɗanda ba su shafe ta ba. Amfanin sulhun shi ne yana tausasa zuciyar alƙali, yana nuna masa cewa yaron ya fito daga gidan da ya san ya kamata. Masu zuwa su ce a ba su wani abu su kashe maganar a komisariya, ku nisance su, domin mai bayarwa da mai karɓa duka doka na hukunta su, kuma sau da yawa kuɗin kan tafi takardar kuma ta isa kotu.

Abin da ya fi daɗewa a rayuwar yaro bayan an gama komai shi ne kaziye, wato rajistar da ake rubuta hukuncin kotu a cikinta. Duk mai son shiga aikin ɗan sanda, ko jandarma, ko soja, ko aikin gwamnati, sai ya kawo takardar kaziye a cikin takardunsa, haka ma masu neman bizar wasu ƙasashe. Doka tana sassauta wa yara a wannan fanni fiye da manya, kuma akwai hanyar neman a wanke suna bayan wani lokaci, amma saurayin da ya haura 18 ko da da mako ɗaya ne, ɗaurin da aka yi masa kan ƙwaya zai bi shi zuwa kowane ofishi. Shi ya sa lauya nagari kan fi ba da ƙarfi wajen irin hukuncin da za a rubuta fiye da yawan tarar da za a biya. Ku kuma gargaɗi sauran yaran gidan da ke kai fasinja ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina cewa da sun tsallaka iyaka dokar Najeriya ce ke kansu, da hukumarta mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, da aka kafa tun 1989, kuma babu alƙalin Maraɗi da zai iya miƙa hannu ya fito da su daga can.

Kafin ranar da za ku bayyana gaban alƙalin yara, a samu likita ya duba yaron. Idan ya daɗe yana shan tramol, yanke shi dare ɗaya yana kawo ciwon jiki da gumi da rashin barci da ƙunci mai tsanani, wanda shi ke mayar da da yawa daga cikinsu ga ƙwayar, don haka a hankali ake rage shi a ƙarƙashin kulawar likita. Takardar da ke nuna an fara wannan magani tana da nauyi ƙwarai a gaban alƙali. Ku haɗa ta da takardar haihuwa ta asali, da takardun moto, da rasit na asibitin matar, da wasiƙar wani mai gareji ko tela ko malamin makaranta da ya yarda zai karɓi yaron ya kula da shi. Mahaifinsa ya zo da kansa, kai ma ka zo, domin tambayar da alƙalin zai fara yi ita ce hannun wa zai damƙa yaron idan ya sake shi, da kuma inda makullin moton zai kwana daga ranar.